Tunau Mai Hayaƙi da Kafuwar Garin Murahu

A zamanin da, tun ƙasar nan tana da daji na gaske, irin wanda mutum zai shiga da hantsi ya ɗauka magariba ta yi, an yi wani maharbi ana kiransa Tunau. Ba a san garinsu ba. Waɗansu sun ce daga arewa ya gangaro, waɗansu sun ce daga yamma, shi kuwa in an tambaye shi sai ya nuna bayansa da babban yatsa ya ce daga can. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana sai in an taɓo zancen bajintarsa. Maharba 'yan'uwansa suna yi masa kirari da cewa: Tunau na Gwamma, gagara-daji, mai kwana inda rana ta faɗi, giwa ta ga sawunka ta sake hanya, ɓauna ta ji warinka ta bar kiwo. In ya ji wannan kirari sai ya yi kamar bai ji ba, amma tafiyarsa takan sake.

Gwamman da ake faɗa a kirarin matarsa ce. Doguwa ce, ta fi shi tsawo da kai guda, kuma ta fi shi hangen nesa da fiye da haka. Su biyu ne kawai, sai karnuka. Allah bai ba su haihuwa ba a lokacin.

Inda suka zauna wani tudu ne na jar ƙasa da marmara, yamma da kogin Malmo. Kogin ya taho daga duwatsun kudu, ya yi gwiwa a gindin tudun, ya bar fadama mai baƙar ƙasa, sannan ya miƙe arewa abinsa. Da rani yashi ne zalla, ko akuya ta ƙetare ba ta jiƙa ƙafa. Da damina kuwa ya zama gidan kada da dorina, ba mai shigarsa sai wanda ya gaji da duniya. A ƙasan gwiwar kogin akwai mashigi, inda wata tsohuwar hanyar matafiya ta ratsa. Gabas da kogin kuma wani dutse ne tsaye shi kaɗai a fili, kamar wanda 'yan'uwansa suka tashi suka manta da shi. Bayan dutsen, tafiyar 'yan kwanaki, sai Birnin Dargaza, wanda sarkinsa ke da ikon ƙasar duka, har inda dokinsa bai taɓa takawa ba.

Wata shekara da bazara Tunau ya kashe giwa biyu rana ɗaya. An ce kibiya guda ce ta huda ta farko ta shige ta biyu. Ba wanda ya gani sai Tunau, kuma daga bakinsa aka ji. Amma giwayen dai ga su nan kwance, wannan ba mai musu.

To, naman bazara ba ya jiran kowa. In ba a yi masa banda ba, kafin ka juya ya zama na ungulu. Sai Tunau da Gwamma suka duƙufa, shi yana yanka yana sarar itace, ita tana kafa gadajen banda. Ƙarƙashin kowane gado ta jera duwatsu uku ta hura wuta, ta danne ta da ɗanyen ganye don ta yi hayaƙi kada ta yi harshe. Nama ya ƙi ƙarewa, gadaje suka yi ta ƙaruwa, har suka rufe tudun tun daga ƙwanƙolinsa zuwa bakin fadama. Kowane murhu da nasa hayaƙin, ya miƙe sama sak, don ko iska babu.

A daidai wannan lokaci Sarkin Dargaza ya aiko jakadansa, wani mai suna Nomau, ya zaga gefen ƙasa ya ga ko akwai sabon zama da ba a san da shi ba. Nomau mutum ne mai jiki, mai son inuwa, kuma tsakaninsa da namun daji akwai girmamawa: ba ya zuwa inda suke. Yana da dabarar aikinsa da ya daɗe yana yi. In ya zo bakin daji sai ya nemi wuri mai tsawo ya hau, ya duba inda hayaƙi ke tashi, kowane hayaƙi ya lissafa shi gida guda. Dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba, don wa zai hura wuta a daji in ba mai tuƙa tuwo ba? Ya hau wannan dutse da ƙyar, yana nishi, ya leƙa yamma, sai ya ga hayaƙi jere reras a kan tudu. Ya ƙirga har numfashinsa ya dawo, ya sauko, a hanya kuma ya ɗan ƙara, tunda jakadan da ya gano babban gari ya fi samun babbar riga. Tun daga ranar ake kiran dutsen nan Dutsen Leƙe. Game da yawan hayaƙin da ya faɗa wa Sarki, waɗansu sun ce hamsin, waɗansu sun ce ɗari. Mutanen garinmu sun fi son ɗari.

Sarki ya ji daɗi. Ya ɗauko rawani da riga ya ba Nomau, ya ce ya koma ya naɗa shugaban mutanen nan maigari. Ya haɗa da saƙo, cewa ana ƙara ganuwar birni, saboda haka in an gama kaka kowane hayaƙi ya aiko namiji guda aikin gini.

Wannan karon dole Nomau ya ƙetare yashin ya hau tudun. Ya tarar da karnuka, da gadajen nama, da wani gajeren mutum yana kaɗa ƙuda, da wata doguwar mace tana gyara wuta. Ya yi sallama ya tambayi ina mutanen gari. Tunau ya duba hagu, ya duba dama, ya ce ai ga su nan, shi da ita. Nomau ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, ba tare da an ce ya zauna ba.

Da ya sha ruwa hankalinsa ya dawo, sai ya warware ƙunshi, ya baza rawanin a rana. Fari ne tas, rigar kuwa mai aiki a wuya. Ya shiga lallashi. Ya ce in ya koma ya ce hayaƙin nama ya ƙirga, kansa ba zai kwana a wuyansa ba. Ya ce kaka da nisa, kafin nan Allah na iya kawo mafita, Sarki ma yana iya mantawa. Ya kira Tunau Sarkin Baka, ya kira shi gagara-daji, ya ce irin wannan kai ai ba a yi shi don hular fata ba.

Tunau yana jin maganar, amma idonsa na kan rawanin. Tun da yake bai taɓa sa abin da ya fi warki da 'yar shara ba. Gwamma ta matso kusa da shi ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, wannan ƙyallen da kake kallo, tsawonsa ya isa rawani, ya kuma isa likkafani. Ka tambayi mai shi wanne ya kawo maka."

"Ke dai ba ki son ki ga na yi kyau," in ji Tunau.

Ya miƙa kai aka naɗa. Nomau ya koma birni ya ce an naɗa maigari, jama'a sun gode, suna gaisuwa. Daga wannan rana ƙaryar ta tashi daga ta mutum ɗaya ta zama ta mutum biyu, kuma wuyan Tunau ya shiga ciki. In kaka ta wuce bai kai wa Sarki maza daidai da hayaƙin da ya karɓi rawani a kansa ba, ya ci amanar sarauta, hukuncin wannan kuwa a zamanin ba ya da ɗaukaka ƙara.

Kwana kaɗan daɗin rawanin ya fita. Abin ma zafi yake yi masa, ga shi yana kama ƙaya in ya shiga daji. Ya ce wa Gwamma su tattara su gudu. Ta ce ina za su, alhali duk inda rana ke faɗuwa a nan kusa ƙasar Sarki ce, kuma mai gudu da rawanin Sarki ɓarawo ne sau biyu. Sai ta tambaye shi yadda yake yi in yana son nama da yawa, bin su yake ɗaya-ɗaya a daji? Ya ce a'a, wannan aikin sabon maharbi ne, shi mashaya yake zuwa ya zauna, su kawo kansu. Ta ce to mutane ma suna da mashayarsu, ga ta can a mashigi.

Suka sauko da zama kusa da mashigin. Suka kafa bukkoki a gefen tudun, kowace da murhunta, suka rataye bandar giwa inda mai wucewa zai gani.

Lokacin kuwa 'yan cin rani ke komowa daga ƙasashen yamma, suna sauri su isa garuruwansu kafin shuka. A shekarar kogin Malmo ya yi abin da bai saba ba. Ko ɗigo bai sauka a tudun ba, sai aka wayi gari ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Tsofaffi sun ce Tunau ne ya jefa wa kogin zuciyar giwa ya roƙe shi. Masu ilimin yanzu sun ce ruwa aka yi a duwatsun kudu. Kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Abin da aka tabbatar shi ne, ayari bayan ayari suka zo suka tsaya cirko-cirko a bakin ruwa, maza da mata, da jakuna da ƙullin kaya. Akwai manoma, akwai masaƙa, akwai wani maƙeri mai yatsa shida da ake kira Cindo, har da Fulani da 'yan shanunsu da waɗansu Barebari masu kanwa.

Tunau ya sa rawaninsa ya sauko ya yi musu maraba. Ya ce ga ɗaki, ga murhu, ga nama, kowa ya zauna har ruwa ya janye. Bai tambayi kowa asalinsa ba, tunda shi ma ba ya son a tambaye shi. Gwamma kuma ta buɗe murhunta, duk macen da za ta ɗora tukunya sai ta zo da kasko ta ɗebi garwashi. A haka ta san sunan kowace, da na mijinta, da abin da ya kore su daga gida.

Ruwa bai janye ba har shuka ta kama. Mutane suka fara kallon sama suna kallon kogi, hankali a tashe, don manomi ba ya iya zama ya ga ƙasa ta jiƙe hannunsa ba iri. Sai Gwamma ta aiki Tunau ya kai hauren giwa wani ƙauye can yamma ya musanya da iri. Ta ja masa kunne, ta ce dawa zai kawo, ko ƙwayar gero kada ta gani. Ya ce ai gero ya fi saurin nuna. Ta ce shi ya sa. Gero yana nuna tun ana ruwa, mutum ya yanke ya ɗaure ya jira kogi ya ba shi hanya. Dawa kuwa sai ruwa ya ɗauke take cika ido, kuma ba a haifi manomin da zai tafi ya bar dawarsa tana bununi ba. Tunau ya dube ta, ya ce Allah ya sa dai ba a taɓa kafa masa irin wannan tarko ba. Ta ce ya tafi rana na yi.

Aka shuka dawa a fadama da gefen tudu. Ƙasa sabuwa ce, ba ta taɓa ganin fartanya ba, dawa ta tashi har ta fi mahayin raƙumi tsawo. Kogi ya janye daga baya, hanya ta buɗe, ba wanda ya motsa. Masu iyali a gida ma aikawa suka yi a zo a taya su girbi. Tunau ya riƙa zagayawa da yamma yana ƙirga hayaƙi a ransa, yana jin wuyansa na ƙara zama daidai. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai gaya wa kowa zancen ganuwa ba. Kullum sai ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba sai ga Nomau, dawa tana gab da yanka. Da ya ga bukkoki da mutane sai farin ciki ya kwance masa baki. Ya tsaya a tsakiyar jama'a ya yi shela, cewa Sarki na gaishe da talakawansa na wannan gari, kuma kowane murhu ya fitar da namiji guda, a tafi aikin ganuwa.

Cindo maƙeri ne ya fara magana, ya ajiye guduma ya tako har gaban Tunau.

"Maigari, ashe naman nan da muke ci na kan tarko ne?"

Tunau ya so ya yi kwana-kwana, ya duba fuskokin mutane ya ga ba hanya. Ya faɗi gaskiya tun daga giwa har rawani. Cindo ya ce su baƙi ne, ruwa ya tare su, ba su yi wa wani sarki mubaya'a ba, kuma ba su bar garuruwansu don su zo su ɗauki ƙasa a ka a birnin da ba su taɓa gani ba. Ya ce da an gaya musu tun farko, da sun san abin da suka zaɓa. Jama'a suka goyi bayansa. Suka ce da sun yanke dawarsu za su kama hanya, maigari ya ji da Sarkinsa.

Tunau bai yi musu ba. Maharbi ya san in nama ya ga tarko ba ya komawa ta nan. Ya shiga ɗaki ya rataya kwari da baka a kafaɗa, ya fito ya ce wa Nomau su tafi. Nomau ya ce su tafi da wa? Ya ce da mai hayaƙin. Gwamma ta ɗaura masa guzuri, ba ta yi kuka ba, ta ce dai ya cire rawanin in zai yi aiki kada ya ɓata shi.

A fadar Dargaza Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, hayaƙin da aka ƙirga maka duk nawa ne, na bandar giwa. Mutanen da ke can yanzu baƙina ne, baƙo kuwa ba a aikensa. Ni na karɓi rawani, ga ni."

Fadawa suka fara gyara tsayuwa, Nomau ya lafe a ƙasa kamar an zubar da shi. Sarkin tsoho ne, ba ya fushi da ƙarfi. Ya ce shi ba a yi masa alkawarin mutane don ya kalle su ba, ganuwa yake so. Ya sa aka auna rabon da ya faɗo wa garin Tunau, daidai da hayaƙin da aka faɗa masa, aka kafa turaku.

"Hayaƙi ya ɗauki aiki, hayaƙi ya gama," in ji Sarki. "In ruwan farko ya sauka da giɓi a wurin nan, da kai za a cike shi. Jakada kuma ya ɗebo maka ruwa, tunda ya iya hawa da sauka."

Tunau ya je ya tsaya a turken farko ya hangi na ƙarshe, ya ga ko kibiyarsa ba za ta kai ba. Ya naɗe rawani ya ajiye a gefe, ya ɗauki magirbi.

Nan aka ga ashe kashe giwa daban, tubali daban. Bai san ana barin ƙasa ta kwana da ciyawa ta ruɓa kafin a cura ba. Yana kwaɓawa yake curawa, rana na dukansu suna fashewa. Maginan sauran garuruwa, kowane rabo da taron mazansa da makaɗansa, sukan leƙo su ce a gaida maigari da jama'arsa. Wani ya ce ya hura wuta mana, ko hayaƙin ya taya shi. Nomau yana jigilar tulu, kafin wata ya zaga rigarsa ta yi masa yawa. Rani ya raba, abin da suka gina bai kai inda mutum zai fake ya yi fitsari ba. Tunau ya daina duban turken ƙarshe. Ya koma duban gabas, inda hadari ke fitowa, yana lissafin abin da ya rage masa.

Wata rana da hantsi yana cikin ramin ƙasa, sai ya ji an ce daga sama, "Maigari, wannan tubali ne ko kashin giwa?"

Ya ɗaga kai, sai ga Cindo da guduma a kafaɗa. Bayansa maza ne jere, manoma da masaƙa, har da Fulani biyu da ke kallon laka kamar abin da zai cije su. Tunau ya fito daga ramin yana goge hannu, ya ce ai ya ɗauka sun daɗe da isa garuruwansu.

Suna taka ƙasa Cindo ya ba shi labari. Ya ce sun yanke dawa, ta yi yawan da jakunansu ba za su iya ɗauka ba, suka tsaya sussuka da shawarar yadda za a yi. Ranar da suka sa za su fara ɗaure kaya, mata suka je ɗiban garwashi wurin Gwamma kamar kullum, suka tarar da toka mai sanyi, ita kuma tana zaune a gefe tana tsince wake. Suka tambaye ta lafiya. Ta ce musu, "Wutar da kuke ɗiba tun damina, mai ita yana birni za a yanka shi saboda hayaƙinta. Ni na kashe tawa, kada in ƙara masa laifi. Ku dai ku ci gaba da taku."

Matan suka koma, kowace ta ɗebi ruwa ta kwara wa murhunta. Cindo ya ce shi da ya ji haka dariya ya yi, don wuta sana'arsa ce, ya ɗauko ƙyastu ya hura wata nan take. Uwargidansa ta zo ta tsaya a kanta, ta ce ya dafa ƙarfe ya ci. Ranar ba a ɗora tukunya ko ɗaya a tudun ba, washegari ma haka. Maza suka gwada tauna ɗanyar dawa, suka ga ba rayuwa ba ce. Suka taru a gindin wata ƙirya, wani tsoho a cikinsu ya ce a bar zancen tuwo ma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, naman mutumin nan yana jikinsu. Wani kuma ya ce shi dai ƙasar da ta ba shi irin wannan dawa bai ga dalilin barinta ba, in kuwa za a zauna, gara maigarin da aka san ƙaryarsa da wanda za a aiko daga birni.

"Kada ka ɗauka sonka muke," in ji Cindo. "Yunwa ce da kunya."

"Ko wacce ce, ta iya tubali?" in ji Tunau.

Ta iya kuwa. Ba su kai yawan da aka faɗa wa Sarki ba, ko kusa, amma a cikinsu akwai waɗanda gini ne cin raninsu. Aka rushe abin da Tunau ya yi, aka sake daga tushe. Cindo ya kafa maƙera a gindin ganuwa yana gyara magirbai. Fulanin nan aka ba su jan ruwa da Nomau. Tunau kansa aka ce ya bar cura tubali don girman Allah, ya tafi daji ya samo musu nama, abin da ya iya ke nan. Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gini yana tafiya, hadari kuma ya fara leƙowa da yamma yana komawa. Ranar da aka ɗora tubalin ƙarshe aka shafe, iskar ruwa ta riga ta fara kaɗawa, kafin su wanke hannu aka tsuge da ruwa. An ce Tunau ya tsaya cikin ruwan nan yana shafa wuyansa, har sai da Cindo ya ja shi inuwa.

Da ruwa ya ɗauke Sarki ya fito, ya bi ganuwar daga turke zuwa turke, ya ga ba giɓi. Bai ƙirga kowa ba. Ya sa aka sake naɗa wa Tunau rawanin a gaban jama'arsa, ya tambaye shi sunan garin. Tunau bai taɓa tunanin wannan ba. Ya ce, ranka ya daɗe, ai wurin ba komai sai murahu. Sarki ya ce to shi ke nan, Murahu. Nomau kuwa aka sallame shi daga jakadanci, ya kwashi iyalinsa ya bi su, ya ce shi ya fara ganin garin, yana da haƙƙi. Zuriyarsa na nan a Unguwar Jakada, kuma har yau in ɗansu ya faɗi yawan abu, sai a ce a rage kashi ɗaya cikin uku.

Da suka iso gida ba hayaƙi ko ɗaya a tudun. Matan sun yi ta dafa abinci a can bakin fadama duk tsawon ranin, amma murahun cikin gida ba wanda aka taɓa. Gwamma ta dubi mijinta sama da ƙasa, ta ce ya rame, rawanin kuma yana son wanki. Sannan ta shiga ta hura murhunta, mata suka jeru da kasake suka ɗiba, kowace ta kai ɗakinta.

Murahu yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ko da yake ba ta cika girma ba, mai keke zai ratsa ta kafin ya gama cin rake guda. Sakatariya tana kan tudu, inda marmara ta hana a yi rijiya mai zurfi, kasuwa tana ci ran Laraba a bakin tsohon mashigi, an yi gada a kan Malmo, kada da dorina sun bar wa masu wankin babur kogin. Mutanen garin manoman dawa ne har gobe, ga maƙeran gidan Cindo, ga Fulani a gefen fadama, ga Barebari da suka manta Barbarci, ga kuma ma'aikata da aka turo suka ƙi komawa. Yawansu ya danganta da wanda ka tambaya. Ma'aikatan ƙidaya suna da nasu adadin, 'yan siyasa suna da wanda ya fi shi.

Garin kuwa yana da tasa hanyar sanin nasa. Kowace shekara in an gama shigar da dawa rumbu, akwai ranar da ake kira Ranar Toka. Tun safe ba a hura wuta a ko'ina, mai shayi ba ya buɗewa, mai ƙosai tana hutu, maza suna yawo da yunwa suna duban rana. Sai rana ta take tsaka babbar macen gidan Tunau take hura tsohon murhun Gwamma, kowane gida ya aiko mace da kasko ta ɗebi garwashi. Matar ciyaman ma, da take girki da gas, da kanta take zuwa ta bi layi. Gidan da ya ɗiba ɗan gari ne, ko bara ya zo, ba a tambayarsa daga ina. In aikin gayya ya tashi kuma, gyaran hanya ko yashe rijiya ko haƙa kabari, ba a aika masa sau biyu.